Hanyar gishiri ta girmi kan iyaka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu suna haddace cinikin zinari da gishiri na hamada kamar tatsuniya: Mansa Musa, sarkin Mali, ya tafi hajji a 1324, ya yi ta rabon zinari a Alƙahira har darajarsa ta faɗi, ƙurunƙus. Alhali har gobe muna cin moriyar wannan ciniki.

Sana'ata sayar da gishirin dabbobi, kuma makiyayin da ya san abin da yake yi kantun Bilma yake nema. Buzaye ne ke ɗauko shi a kan raƙuma daga Bilma da Fachi, garuruwan gishiri a Nijar, bayan damina, su keta hamadar Tenere, su kai gero su dawo da gishiri da dabino, daga nan ya gangaro kudu. Motoci sun rage musu kasuwa, amma ayarin bai tsaya ba.

Gaskiya ne babbar hanyar zinari tana yamma da mu. Daga Bambuk da Bure, a yankin Senegal, Mali da Gini na yau, ake haƙo shi a da a yi arewa da shi, gishiri kuma ya fito daga Tagaza, garin cikin hamada da matafiyi Ibn Batuta ya ratsa a 1352 ya tarar da gidaje da masallaci duk ginin gishiri. Amma fataken wannan ciniki, Wangarawa, su ne suka iso Kano zamanin Sarki Yaji da addini a hannunsu. Shehu Magili ya biyo hamada ya zo zamanin Rumfa, sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi. Takarda, littattafan Malikiyya, har irin rubutun da almajiri ke yi a allo, duk raƙumi ne ya kawo. Kada kuma mu ɓoye wa yara cewa ayarin nan sun kwashi bayi zuwa arewa, da yawa ƙishirwa ta kashe su a hanya.

Shi ya sa raina ya ɓaci a 2023, da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Nijar. An datse hanyar da ta girmi ƙasashen biyu da ɗaruruwan shekaru, kaya suka yi tsada, talakan Maraɗi da na Katsina, waɗanda dangin juna ne, suka sha wuya tare. Da masu yanke hukuncin sun san tarihin nan, da sun yi tunani sau biyu.

Roƙona ga jaridarku, ku tura wakili Agadas lokacin tashin ayari, ya zauna da madugai ya rubuto mana abin da suka sani na rijiyoyi da taurari, tun dattawan cikinsu na raye.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Katsina