Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kuɗi na Kamaru kan haƙƙin iyalan mamatan da suka yi inshorar rai

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna rubuto maka ne daga Garwa, domin sashen da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ƙasar nan yana ƙarƙashin ma'aikatarka. Kukanmu a kan matan mamata ne da marayu na jihohin arewa uku, waɗanda maigidansu ya yi shekaru ana cire masa kuɗin inshorar rai daga albashi ko daga ribar kasuwa, ya rasu, su kuma suka shiga zarya tsakanin gida da ofishin kamfani har suka gaji suka bar wa Allah. Ba sabuwar doka muke roƙo ba. Dokar da ake da ita ta isa ta ƙwato wa mafi yawansu haƙƙinsu, matsalar dai ba su san da ita ba, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin tsaya musu.

Kundin dokar inshora na CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka kan harkar inshora, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995, shi ne ke aiki a nan Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen ƙungiyar. Sashe na 74 ya ba kamfani wata ɗaya ya biya kuɗin mamaci, daga ranar da ya karɓi takardun da yarjejeniyar ta lissafa. In ya wuce wa'adin, kuɗin jinkiri na hawa kansa ko ba a roƙa ba. To a nan ne ake yi wa mutanenmu wayo. Tunda lissafin watan ba ya farawa sai takardu sun cika, sai a ƙi bari su cika. Yau a ce a kawo takardar mutuwa. Bayan mako uku a ce saura ta likita. An kawo ta, sai a ce kwafin katin shaidar matar ba shi da hatimin hukuma. Kowace takarda aka miƙa, ma'aikacin reshe ya karɓa ya jefa a aljihun tebur, ba rasit, ba kwanan wata, ya ce an tura Duwala. Matar da ta fito daga takaba da takardunta a ƙulle cikin leda ba ta da abin da za ta nuna cewa ta taɓa kawo komai.

Takardun kansu ma aiki ne ja a wajenmu. Mu mutane ne da ke binne mamaci a ranar da ya rasu. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da yawa a gida suke rasuwa, likita bai gan su ba. Kamfani kuwa yana neman takardar likita mai bayyana sanadin mutuwa, kuma likitan kirki ba zai rubuta sanadin mutuwar wanda bai duba ba. Ita ma takardar mutuwa ta ofishin magajin gari tana da wa'adi, kwana 90 dokar 2011 ta sa, alhali matar mamaci tana takabar wata huɗu da kwana goma, 'yan'uwa kuma hankalinsu na kan zaman makoki da sadaka. In wa'adin ya wuce sai an je kotu an nemo hukuncin da zai ba da damar rubuta takardar, da shaidu da kuɗin tambari da jiran ranar zama. Abin da muke gaya wa iyalai shi ne, tun a makon farko a wakilta namiji ɗaya ya je ya yi rajistar mutuwar, a adana katin asibiti da takardun magani na ƙarshe, in kuma hatsarin mota ko babur ne a nemi rahoton jandarma ko 'yan sanda tun da zafinsa.

Akwai takardar da ake yawan nema ba bisa ƙa'ida ba, wato hukuncin kotu na tantance magada. In mamaci ya rubuta sunan wanda za a ba kuɗin, sashe na 71 ya ce kuɗin ba sa cikin dukiyar gado, haƙƙin wanda aka ambata ne kai tsaye. Me zai sa a tura shi kotu ya kawo jerin magada? Ana bukatar wannan hukunci ne in an rubuta “magadana” kawai, ko ba a ambaci kowa ba, a wannan na biyun ne sashe na 70 ya mayar da kuɗin cikin gado. Mun san wannan batu na tayar da ƙura a gidajenmu, don dangi kan ce a zuba komai a raba bisa shari'a, kuma wannan magana ce da iyali za su yi da malamansu. Amma bai kamata kamfani ya fake da saɓanin dangi ya riƙe kuɗi shekara da shekaru ba. Tushen rigimar ma sau da yawa daga wajen cike fom ne: mai mata biyu ko uku a bar shi ya rubuta “matata” ba suna, wakilin kamfani yana kallo bai ce uffan ba, don shi kamashonsa yake hange.

Sai kuma ƙin biya gaba ɗaya. Dalilin da aka fi kawowa shi ne wai mamaci ya ɓoye ciwo, hawan jini ko ciwon suga ko na hanta. Sashe na 18 ya rushe yarjejeniya ne in an yi ƙarya ko ɓoyo da gangan, sashe na 19 kuma ya ce kuskure ko mantuwar da ba a tabbatar da mugun nufi a cikinta ba ba ta rushe ta. Kamfanin da ya ce an yi masa ƙarya shi ne zai kawo hujja. A duba yadda ake cike fom ɗin lafiya a nan. Wakili ya zo ɗakin malaman makaranta lokacin hutun safe, ko ya tsaya bakin shago a babbar kasuwa, fom da Faransanci, ya tambaya da Fulatanci ko Hausa, “Lafiyarka ƙalau ko?” A ce masa alhamdu lillahi. Ya bi akwatunan nan ya cike “a'a” daga sama har ƙasa, ya nuna wurin sa hannu. Mutumin da bai taɓa gwada jininsa ba, ta yaya za a ce ya ɓoye abin da bai sani ba? Sashe na 7 ya riga ya hana kamfani kafa hujja da amsar da ba ta fito sarai ba in tambayar da kanta a dunƙule aka yi ta. Saboda haka abu na farko da mai ƙara zai nema shi ne kwafin fom ɗin da mamaci ya sa wa hannu, a ga me aka tambaye shi da rubutun wa aka cike.

Shekarun haihuwa ma ana kama mutane da su. Dattawanmu da yawa takardunsu “né vers” ne, an ƙiyasta shekarar kawai, wani kuma shekarar da ke katinsa ta saɓa da ta takardar haihuwa. Sashe na 80 ya warware wannan: kuskuren shekaru ba ya rushe inshorar rai sai in ainihin shekarun mutum sun fita daga iyakar da kamfanin ke karɓa. In ba haka ba, rage kuɗin za a yi gwargwadon abin da ya biya, in kuma ya biya fiye da kima a mayar da rarar.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne a ce wa iyali inshorar ta mutu tun da daɗewa don an daina zubi. Sashe na 73 ya shimfiɗa hanya ɗaya tak. In kwana 10 suka wuce ba a biya ba, kamfani zai aika wasiƙa mai rajista, ya sanar cewa bayan kwana 40 daga aikawa za a soke yarjejeniyar ko a rage darajarta. In zubin da aka tara ya kai wani mizani, ragewa ake yi, ba a share komai. Kamfanin da bai iya nuna shaidar aika wannan wasiƙa ba, bai da bakin cewa ya soke. Sau da yawa ma laifin ba na mamaci ba ne: an cire kuɗin daga albashinsa, takardar albashi ta nuna, wurin aikin ne bai tura ba. Shi ya sa muke cewa kada a zubar da takardun albashi da bayanan asusun banki na mamaci.

Game da abubuwan da aka ce inshora ba ta ɗauka, sashe na 8 ya ce duk sharaɗin da ke hana biya sai an rubuta shi da haruffan da suka fito fili ƙwarai, in ba haka ba bai da ƙarfi. Wannan ya shafi iyalan da suka rasa mutanensu a hare-haren Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-da-Shari, waɗanda akan sallama da kalmar “yaƙi” ba tare da an nuna musu layin da ya faɗi haka ba. Kashe kai da gangan ma, sashe na 66 ya taƙaita hana biya ga shekara biyu na farkon yarjejeniya.

Kada a manta da masu bashin banki. Ma'aikaci ya ci bashi, an cire masa kuɗin inshorar mutuwa tun ranar farko, ya rasu, sai a bi iyalinsa da ragowar bashin ko a riƙe abin da ke asusunsa, alhali kamfanin inshora ne ya kamata ya biya bankin. Iyalai da yawa ba su ma san akwai wannan inshora a cikin takardun bashin ba.

Ranka ya daɗe, hanyar neman haƙƙi tana nan a rubuce. Mai haƙƙi ya nemi jerin takardun da yarjejeniya ta ambata, ya miƙa su gaba ɗaya, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa. Wata ya cika ba biya, ya aika wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, ko ya sa ma'aikacin shari'a mai kai sammaci ya kai takardar gargaɗi. Wasiƙa mai rajistar tana da nauyi, don sashe na 29 ya sa ta cikin abubuwan da ke katse wa'adin da doka ta ba mutum ya shigar da ƙara. Wa'adin nan shekara biyu ne a yawancin harkokin inshora, amma sashe na 28 ya tsawaita shi ga wanda aka ambata a inshorar rai in ba shi ne ya ƙulla ta ba, don haka kada wanda aka ce wa “shekara biyu ta wuce” ya juya ya tafi. In an ƙi biya, ya dage a ba shi dalili a rubuce. Daga nan yana iya kai kuka sashen inshora na ma'aikatarka, ko hukumar CIMA mai binciken kamfanoni da ke Libreville, ko ya shiga kotu. Sashe na 30 ya ce kotun inda mai inshorar yake zaune ce ke da hurumi, wato ɗan Marwa ba sai ya bi kamfani Duwala ba, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Abin da bai wuce sefa miliyan 10 ba ƙaramar kotu ce ke saurare, abin da ya haura sai babbar kotu.

Duk wannan sai mai ilimin boko da kuɗin lauya. Dokar 14 ga Afrilu 2009 ta kafa kwamitocin taimakon shari'a a kotuna domin marasa hali, ana iya nema da baki ko a rubuce wurin sakataren kwamitin, tare da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari da ta shaidar cewa ba ya cikin waɗanda haraji ya hau kansu. Amma je ka tambayi matan da ke zaune a barandar kotun Garwa ko Ngaundere ko sun taɓa jin labarinta. Lauyoyi kuma sun taru a Duwala da Yawunde, kaɗan ne a arewa, waɗanda suka ƙware a dokar inshora cikinsu sun fi kaɗan.

Abin da muke roƙo yana cikin ikonka. A ofisoshin ma'aikatar kuɗi na Garwa da Marwa da Ngaundere a ware jami'i mai karɓar koken inshora, wanda ke jin Fulatanci da Hausa, a Kuseri kuma da Larabcin Shuwa, ya rubuta koken wanda bai iya rubutu ba, ya ba shi lamba, ya bi sawunsa. A umarci kowane kamfani ya ba da cikakken jerin takardu a rubuce tun zuwan farko, ya ba da rasit mai kwanan wata ga kowace takarda, kuma kada ya ƙi biya sai da wasiƙar da ta ambaci sashen yarjejeniyar da ya dogara da shi. Ga wanda ya rasu a gida, a zauna da kamfanoni a amince da wata shaida a madadin ta likita, kamar ta shugaban cibiyar lafiya mafi kusa haɗe da ta mai unguwa ko lawani da limamin da ya yi sallar gawa. Masu bincikenka, in sun shiga kamfani, su riƙa zaro fayilolin mamatan arewa su auna kwanakin da kowanne ya yi, su tilasta biyan kuɗin jinkiri ba sai an roƙa ba.

Muna kuma roƙonka ka tattauna da takwaranka na shari'a da ƙungiyar lauyoyi, a sa irin waɗannan ƙararraki cikin waɗanda kwamitocin taimakon shari'a za su riƙa saurare da gaggawa, a kuma yi shelar dokar 2009 a gidajen rediyon jihohi da harsunan da mutane ke ji. Kuɗin inshorar da ba a zo nema ba, waɗanda ake mayarwa asusun ajiya na ƙasa, CDEC, da ya fara aiki a 2023, a buɗe hanyar da iyali za su bincika daga nan arewa ko akwai sunan mamacinsu a ciki, a kuma aika sanarwa ta fadojin lamidai da masallatai da majami'u, don akwai magidanta da yawa da suka yi inshora ba su taɓa gaya wa matansu ba.

Muna jiran amsarka, kuma a shirye muke mu zauna da duk jami'in da ka turo Garwa kan wannan batu.

Allah ya taimake ka.

Daga wasu masu bibiyar lamuran inshora da shari'a,
Garwa, Jihar Arewa.