Wasiƙa zuwa ga aminina a kan Auta da gasar waƙa

Manchester, Ingila
Daren Juma'a, cikin watan Disamba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da fatan kuma jikin Hajiya ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya yi mako uku a wayata ban amsa ba, kuma na san ka riga ka yanke mini hukunci. Abin da ya hana ni shi ne maganar da ke raina ba ta shiga gajeren saƙo, shi ya sa na jira sai da gida ya yi tsit na zauna na rubuta maka ita daga tushe.

Ɗanka Auta ya cike takardar shiga wata gasar waƙa ta talabijin, har sun kira shi gwaji a watan gobe. Muna cin tuwon dare ya faɗa mana, cikin natsuwa, kamar mai ba da labarin an sauya masa aji. Mahaifiyarsa ta ajiye ludayin miya ta zuba masa ido, ba ta ce uffan ba. Da ya ƙara da cewa in ya yi nisa a gasar zai ɗage shiga jami'a da shekara ɗaya, sai ta tashi ta shige ɗaki. Ni ban hana ba, ban kuma amince ba. Na ce ya ba ni lokaci. Tun daga daren nake tunaninka, domin duk abin da na sani game da wannan harka tare muka koye shi.

Ka tuna ranakun Lahadi, lokacin da kake rubuta kundin digirinka, kana zuwa gidanmu da yamma mu kunna BBC Radio 1 daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai, ana ƙirgo waƙoƙi arba'in tun daga ƙasa har lamba ɗaya? Kai ne mai ɗan littafin da kake rubuta wadda ta hau da wadda ta sauka, har uwar yara ta ce da haka kake bin kundinka da tuni ka gama. Kai ne ma ka fara gaya mini cewa wannan jadawalin waƙoƙi na Birtaniya ya samo asali tun 1952, lokacin da wata jaridar mawaƙa take buga waya shagunan faifai kamar ashirin tana tambayar abin da ya fi fita a makon. Na yi maka musu a ranar, daga baya na tarar gaskiyarka ce, kuma sai yau nake amsa maka.

Lahadin da ba na mantawa ita ce ta kafin Kirsimetin 2009. Shekara huɗu a jere, daga 2005 zuwa 2008, duk wanda ya ci gasar waƙa ta talabijin The X Factor shi ke kama lamba ɗaya a makon Kirsimeti: Shayne Ward, Leona Lewis, Leon Jackson, Alexandra Burke. Abin ya zama kamar gadon gidan Simon Cowell, mai gasar. Sai wasu mata da miji suka buɗe shafi a Facebook suna kira ga jama'a su sayi wata tsohuwar waƙar Rage Against the Machine ta 1992, don kawai a karya wannan al'ada. Kai kana bayan Joe McElderry, wanda ya ci gasar a shekarar, ka ƙarar da kuɗin wayarka wajen jefa masa ƙuri'a, kana cewa yaron yana da ladabi. Auta yana da shekara biyu, yana kan cinyarka yana jan gemunka, aka sanar da sakamako: tsohuwar waƙar ta sayar da kwafi sama da 500,000, ta McElderry kimanin 450,000. Ka miƙa mini yaron ka ce an zalunci marar laifi. Mako mai zuwa McElderry ya hau lamba ɗaya, ka kira ni tun kafin a gama shirin.

Na daɗe ina nazarin yadda talabijin ya sami wannan ƙarfi, kuma a ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wancan zamani jadawalin yana ƙirga ciniki ne na kwana bakwai kawai, wato faifan da aka saya a shago da waƙar da aka biya kuɗi aka sauke daga intanet. Duk wanda zai iya tura mutane masu yawa su saya a mako guda, to shi ke da jadawalin. The X Factor kuwa yana shiga gidaje kowane ƙarshen mako tun daga wajen watan Agusta har tsakiyar Disamba, kuma wasan ƙarshe na 2010 mutum sama da miliyan 17 suka kalla. Wata uku ana nuna maka yaro, da uwarsa tana kuka, da shagon da yake aiki, da kakarsa da ta rasu, har ka ji kamar ɗan unguwarku ne. Ka riga ka biya kuɗi ka zaɓe shi sau da yawa, saboda haka sayen waƙarsa cikon abin da ka fara ne. Da haka Shayne Ward ya sayar da kwafi sama da 740,000 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin shi Will Young na gasar Pop Idol ya haura miliyan ɗaya a makonsa na farko a 2002.

Abin da ya fi ba mu mamaki a lokacin shi ne yadda tsoffin waƙoƙi ke farfaɗowa. Ɗan takara ya rera waƙa daren Asabar, kafin Lahadi ta zagayo ainihin mai waƙar ya dawo jadawali bai yi komai ba. A 2008 waƙa ɗaya, Hallelujah, ta riƙe lamba ɗaya da lamba biyu a makon Kirsimeti, ta Alexandra Burke a sama, ta marigayi Jeff Buckley a ƙasanta, shi kuma Leonard Cohen da ya rubuta ta yana can lamba 36. Jim kaɗan bayan komawarka gida, a Oktoban 2011, wata waƙar Goo Goo Dolls ta 1998 wadda ba ta taɓa shiga sahun ashirin na farko ba ta yi tsalle zuwa lamba uku, saboda 'yan takara sun rera ta. Na so a ce kana nan da littafinka.

To, duk wannan ya wuce, kuma shi ne abin da nake so ka fahimta kafin ka ba ni shawara. Tun watan Yulin 2014 aka fara sa sauraro ta intanet cikin lissafi, sauraro ɗari a matsayin saye ɗaya. A 2015 aka mayar da sanar da jadawalin ranar Juma'a, Lahadinmu ta tafi. A watan Maris na 2017 Ed Sheeran shi kaɗai ya cika gurbi 16 cikin ashirin na farko, abin da ya tilasta wa hukumar jadawalin ta sa dokar cewa mawaƙi ba zai wuce waƙa uku a lokaci guda ba, sannan waƙar da ta daɗe ta kuma yi mako uku a jere tana raguwa a rage darajar saurarenta da rabi. Daga baya ma aka bambanta mai biyan kuɗin wata da mai sauraro kyauta: na farko sauraro 100 ne saye ɗaya, na biyu sai 600. Ma'anar wannan duka ita ce jadawalin ya daina auna abin da mutum ya saya sau ɗaya cikin zumuɗi, ya koma auna abin da yake maimaitawa kullum, a mota da wurin aiki da lokacin wanke-wanke. Talabijin yana iya sa ka sayi waƙa daren Lahadi, amma ba shi da ikon sa ka kunna ta sau ɗari. Shi ya sa waƙoƙi yanzu suke hawa a hankali su kuma daɗe, ba kamar da ba da waƙa kan shigo a lamba ɗaya ta faɗo mako mai zuwa.

Sakamakon ya bayyana nan da nan. Ben Haenow a 2014 shi ne na ƙarshe da ya kama lamba ɗaya ta Kirsimeti daga gasar. Louisa Johnson, wadda ta ci a 2015 tana da shekara 17 kuma muryarta ba ta da makusa, a lamba tara ta tsaya. Gasar ta yi shekararta ta ƙarshe a 2018, a 2021 kuma tashar ITV mai nuna ta ta tabbatar ba ta da shirin dawo da ita. Kirsimeti ya koma hannun wasu: LadBaby sun riƙe shi shekara biyar a jere da waƙoƙin tara kuɗin taimako, sannan tsohuwar waƙar Wham! ta 1984 ta karɓa a 2023 da 2024. Ba wai allo ya rasa tasiri gaba ɗaya ba, domin a 2022 waƙar Kate Bush ta 1985 ta hau lamba ɗaya bayan an sa ta a wani shiri na Netflix. Sai dai wannan yara ne suka ji ta suka so ta, suka yi ta maimaita ta a wayoyinsu, ba alƙalai huɗu ne suka miƙa musu ita ba.

Ko a zamanin da gasar ke da ƙarfinta, cin ta bai tabbatar wa kowa komai ba. Steve Brookstein, wanda ya ci ta farko a 2004, kafin shekara ta zagayo ya rabu da kamfanin faifan. Leon Jackson bai daɗe ba shi ma. Da yawansu wutar kara ce. Waɗanda suka yi nisa sau da yawa ba su ne suka ci ba: One Direction na uku suka zo a 2010, Olly Murs na biyu a 2009, Becky Hill kuma ba ta kai wasan ƙarshe na gasar The Voice ba a 2012, amma ta sami lamba ɗaya a 2014. Ban manta da Leona Lewis da Little Mix ba, sun ci kuma sun ɗore, amma ka ƙirga su ka ƙirga sauran.

Yau da yamma na ɗauko Auta daga makaranta, na kunna rediyo ana cikin ƙirgen, na jero masa duk wannan kamar yadda na jero maka. Na ƙara masa da misalin gida, na ce ya dubi CKay da ya kai lamba uku a nan a 2021 ta hanyar TikTok, da Burna Boy da ya kai lamba huɗu a 2022, ba wanda ya tsaya gaban alƙalan talabijin ɗin Ingila. Ya saurare ni har muka tsaya a danja, sannan ya ce: "Baba, ni ba lamba ɗaya nake nema ba. Shekara biyu ina sa waƙoƙina a intanet, abokaina ne kawai ke ji. Ina so in tsaya gaban mutanen da ba su san ni ba, in ga ko za su yi shiru." Ya kuma tuna mini cewa Iyanya da Chidinma daga gasar Project Fame suka fito, Timi Dakolo daga gasar Idols West Africa. Wallahi na rasa amsa. Na rage muryar rediyon, muka ƙarasa gida ba mai magana.

Yaron yana da murya, wannan ba son kai na uba ba ne. Da dare nakan tsaya a bakin ƙofarsa ina jin yana maimaita baiti ɗaya da gitarsa har sai ya zauna daidai. Tsorona a wani wuri yake. A wajenmu mawaƙi yakan fara ne a matsayin ɗan amshi, ya yi shekaru a bayan maigidansa yana koyon inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, ya yi kuskure a gidan biki na ƙauye inda ba wanda zai riƙe masa. Gasar talabijin tana ɗaukar yaro daga ɗakin kwanansa ta tsayar da shi gaban ƙasa baki ɗaya, kuma masu shirin ne ke yanka hoton su haɗa yadda suke so. In sun ga labarinsa zai ja masu kallo, za su nemi ya yi maganar asalinsa da addininsa da iyayensa yadda ya dace da shirinsu. In muryarsa ta karye sau ɗaya, wannan minti ɗayan zai zauna a intanet har ya yi furfura. A da akwai ladan da ya kai a ɗauki wannan kasada, yanzu kasadar tana nan ladan ya ragu.

Akwai kuma maganar takardu. Na ce ya kawo mini duk abin da suka ba shi ya sa hannu, kuma na yi niyyar kai wa lauya ya duba, musamman abin da ya shafi waƙoƙin da ya rubuta da kansa. Na riga na ga alama, domin bayan wani wasa da ya yi a bara wani mutum ya tare mu a bakin ƙofa da katinsa, ya ce zai shigar da shi talabijin in mun biya kuɗin horo. Da na tambaye shi sunan mutum ɗaya da ya taɓa shigarwa, sai ya ce zai kira ni, har yau bai kira ba.

Inda zuciyata ta karkata shi ne in bar shi ya je gwajin, in raka shi da kaina, bisa sharaɗin ba zai saki gurbinsa na jami'a ba kuma ba zai sa hannu a kan komai ba sai an karanta. Mahaifiyarsa ba ta kai nan ba tukuna, kuma ba na son in yanke ba tare da ita ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka kira shi ranar Asabar bayan la'asar ɗinku. Yana jin maganarka fiye da tawa, kuma kai ka taɓa tsayawa bayan ɗan gasa da zuciya ɗaya, za ka fahimce shi ta inda ni na kasa. Kada ka nuna masa na rubuto maka. Ka sa ya rera maka wadda zai kai gwajin, sannan ka gaya mini gaskiyar abin da kunnenka ya ji. In uwargida ta sami sarari ita ma ta kira ƙawarta.

In littafin nan naka yana nan cikin akwatunan da ka tafi da su, ka ɗauki hoton shafin Disamban 2009 ka turo mini, ina so in nuna masa.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce mata muna yi mata addu'a. Ka gaida Yaya da mutanen majalisa baki ɗaya.

Wassalam,
Naka amini