Kafin ka shiga kwazazzabon Zayon

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, muna nan Agadas lafiya lau, da fatan kai ma haka. Mahaifiyarka ta karanta min saƙonka, cewa in an ba ku hutu kai da abokan karatunka za ku je gandun dajin Zayon a jihar Yuta ta Amurka, ku yi yini guda a matsattsen kwazazzabon nan da ake kira Narrows. Ban hana ka ba. Wanda ya tashi yana kallon duwatsun Ayar, in ya sami damar ganin na wata ƙasa, ai sai ya je. Amma na zauna na karanta bayanin wurin, na ga abin da na sani tun ina yaro.

Kana ƙarami a 2009, lokacin da ruwan da ya sauka kan duwatsu ya taru ya biyo ƙoramar Telwa, ya fasa madatsa, ya rushe gidaje a garin nan. Ka san halin ƙorama: da safe yashi ne busasshe, raƙuma na kwance a ciki, kafin la'asar ta zama kogi. To, can ma haka ne, har ya fi. Dutsen wurin ba ya shan ruwa da sauri, duk abin da ya zuba a samansa gangarowa yake yi cikin tsaga ɗaya. A Narrows bangon dutse ya kan kai kusan mita 300 a tsaye, faɗin wurin kuma a wasu sassa bai wuce mita 6 zuwa 9 ba, kuma cikin kogin da ke ratsa shi, mai suna Virgin, ake tafiya. In ruwa ya taho, ina za ka hau?

Abin da ya fi tsaya min a rai ke nan: sararin da ke kanka zai iya zama garau, hadarin yana can nesa inda ba ka gani. A watan Agusta na 1997 mutum 11 suka rasu a kwazazzabon Antelope, a Arizona, alhali ruwan a can sama ya zuba. A Satumba 2015 kuma mutum bakwai suka halaka a kwazazzabon Keyhole, cikin Zayon ɗin da za ka. Daga Yuli zuwa Satumba ne lokacin hadarinsu, daidai da daminarmu.

Saboda haka, da safen ranar ka fara zuwa ofishin jami'an gandun ka tambayi hasashen ambaliya. In suka ce akwai shakka, ka fasa, ko da abokanka za su ce ka cika tsoro, ko da kun riga kun biya kuɗin mota da masauki. In kuna ciki ka ga ruwan ya fara yin ja, ko ganye da karare na biyo shi, ko ka ji ruri daga sama, kada ka ce za ka tsere masa da gudu. Ka yar da jaka ka nemi tudu mafi kusa.

Sauran ƙanana ne. A garin Springdale, bakin ƙofar gandun, ana hayar takalman shiga ruwa da sanda. Ka karɓa, don duwatsun ƙasan kogin santsi gare su. Ka ɗauki ruwan sha kamar lita 4, da dabino, da riga mai kauri, don waje zafi ne amma cikin inuwar nan da jiƙaƙƙen wando sanyi kan kama mutum. Tun 2020 hukumar gandun ke gargaɗi kan wata gansakuka mai guba a kogin, don haka kada ka sha, kada ka kuskure baki da shi wajen alwala. Ka yi da na gorarka. Ku sa lokacin juyowa tun kafin ku shiga, in ya cika ku juyo duk inda kuka kai.

Waya ba ta kamawa a ciki. Ka gaya wa mahaifiyarka ranar da za ku shiga, kuma da zarar kun fito ka kira ta, ko da dare ya raba a nan, don na san ba za ta runtsa ba. Ƙannenka na gaishe ka, suna jiran hotuna. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Mahaifinka.