Babangida, Ka Dakata da Biyan Kuɗin Gidan Nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna lafiya nan Argungu, sai ƙafar mahaifiyarka da ke tashi in an yi sanyi. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya.

A bakin gwaggonka na ji wai ka ba da kafin alƙalami a kan wani gida can hanyar Kalgo. A bakin gwaggonka, Babangida. Wannan mu bar shi tukuna.

Ta ce ɗaki uku ne da falo, an sa tayil, an ja katanga, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da ake nema a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi ba. Dillalin ya lissafa maka asibitin Kalgo da jami'ar tarayya, ya ce masallacin Juma'a na nan tafe, ga burtsatse a bakin layi. Na yarda, tun da aka kafa jami'ar nan a 2013 filayen wannan hanya suke tashi. To shi ne abin da ya hana ni barci. In unguwa tana tashi, siminti da rodi sun yi tsadar da ka sani, me zai sa mutum ya gina gida ya sayar da shi ƙasa da na maƙwabtansa? Araha ba ta ado. Dillali la'adarsa yake nema, ba shi zai kwana a ɗakin ba.

Sauran abubuwan ba su dame ni sosai ba. Rashin wuta, kowa sola yake sawa yanzu. Kuɗin kabu-kabu zuwa ofis da makarantar yara kullum, tun cire tallafin mai a 2023, kai za ka lissafa, ka fi ni boko. Takarda kuwa, kada ka yarda da sa hannun mai unguwa kaɗai. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, don haka ka je ma'aikatar filaye ka ga sunan wa ke kan fulotin.

Ruwa nake tsoro. Gwaggonka ta ce daga titi gangarawa ake yi kafin a kai gidan, kuma ƙasar wurin baƙa ce. Ni manomin shinkafa ne, na san abin da baƙar ƙasa take nufi: laka ce, tana riƙe ruwa, da rani ta tsage, da damina ta kumbura ta tsaga bango. A watan Maris ka je ka duba gida! Wane kwari ne ba ya kyau a Maris? Ka je a ƙarshen Agusta, bayan an kwana ana ruwa. Ka dubi gindin katangar maƙwabta, ba taka da aka shafa wa sabon fenti ba, za ka ga layin da ruwa ya tsaya. Ka nemi tsoho a unguwar ka tambaye shi me ake shukawa a wurin kafin a yanka filaye. In ya ce shinkafa, ka juyo.

Kana nan a 2020 lokacin da Gulbin Rima ya cika ya shafe gonakin jihar nan. Kai ka ɗauko Hajiya a bayanka. Ka san abin da muka rasa a gidan kawunka, ba sai na rubuta ba. Yanzu kuma ka ɗauki jikokina, ƙaramar ko tafiya ba ta iya ba, ka kai su kwari don tayil? Ashe karatun naka bai kai nan ba?

Na san abin da ke ranka. Haya ta ishe ka, kuma kana ganin da na yarda an sayar da gonar tudu, da tuni kana Gesse. Wannan gonar ita ta ciyar da mu shekarar da fadama ta nutse, ita ta biya kuɗin makarantar ƙannenka. Ban hana ka don rowa ba.

In kafin alƙalamin ba zai dawo ba, a bar shi, zan cika maka in an sayar da shinkafar rani. Kada ka ƙara ko sisi sai na zo. Zan shigo Birnin Kebbi ran Asabar in Allah ya yarda, mu taka wurin da ƙafa ni da kai, ba da dillali ba.

Mahaifiyarka tana gaishe da mai ɗakinka da yara, ta ce a aiko mata da awon rigar ƙaramar. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.