A Kai Wa Manoma Irin Gero Da Masara Masu Gina Jiki

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan rahoton ƙungiyar likitoci ta MSF, cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Yaron da ya riga ya kwanta sai asibiti. Amma kafin a kai nan akwai wata yunwar da ba a gani: ciki cike da tuwo, jiki kuwa babu sinadarin ƙarfe da bitamin A.

Masana sun yi nasu. Tun 2012 aka fitar da masara ruwan lemo mai bitamin A a Nijeriya. A 2018 Nijar ta fitar da geron Chakti na cibiyar binciken noma ta ICRISAT, mai yawan sinadarin ƙarfe, ga shi da saurin nuna. Ta hanyar barbara aka samar da su, kuma furar Chakti fura ce kamar yadda muka saba.

Matsalar ita ce irin bai iso ƙauye ba. A yankinmu har yau da damin bara ake shuka. Wanda ya noma masara ruwan lemon kuma yakan rasa mai saye, domin uwargida ta fi son tuwonta fari sol.

Ina roƙon gwamnatocin jihohi su raba wannan iri ta hannun malaman gona tun watan Mayu, kafin ruwan shuka. Sannan su saye amfanin don ciyar da 'yan firamare da masu zuwa awon ciki. In manomi ya ga kasuwa, ba sai an lallashe shi ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Funtuwa