Masu sayen ƙadangare mai gemu, ku fara lissafin wutarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina gaida kai da sauran ma'aikata, da fatan ana aiki lafiya. Dan Allah a bani ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani sabon kiwo da ya fara leƙowa, ba a birni kaɗai ba har nan wajenmu ana samun ɗaiɗaiku, wato ƙadangaren nan mai gemu da samari ke ce wa diragon. Ni sana'ata haɗa sola da wayarin, ina kuma ɗan taɓa kiwon kaji, shi yasa in fitila ta rikice musu ni ake nema, kuma abinda nake tararwa ne ya hanani yin shiru.

Nasan dattawa zasu ce ƙadangare ya cika mana katanga kyauta shine wani zai sa kuɗinsa ya saya? Toh gaskiyarsu, amma tunda an riga an saya an kulle a akwati haƙƙinsa ya hau wuyan mai shi, kowa yasan hadisin matar da ta tsare kyanwa bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ta nemi abinci ba. Shi kuma wannan halittar ba abinci kaɗai bane haƙƙinsa, harda zafi da haske.

Asalinsa daga busasshen dajin tsakiyar Ostireliya yake, kuma masana sun sa shi dangi ɗaya da jan gwadanmu. Ƙasar ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, kaga kenan wanda ke kasuwa a keji aka ƙyanƙyashe shi. Yana kai santimita 50 zuwa 60 har jela, in an kula da shi yana yin shekara 10 ko fiye. Jikinsa baya samar da ɗumi da kansa, sai ya kwanta ya sha zafi sannan cikinsa ya iya narka gyare da ganyen da ya ci, in ya ji ya ishe shi ya koma inuwa. In babu wannan zafin zai daina ci, ya yi baƙi, ya lafe a lungu, mai shi ya fara cewa an sayar masa da mara lafiya.

Maganar da na fi ji ita ce ai mu ƙasar rana ce, fitilar me kuma. Yallabai ranar tana tsakar gida, shi kuma yana cikin ɗaki a akwatin gilashi kusa da talbijin. Fitila biyu yake buƙata kuma aikinsu daban, ɗaya ta zafi ɗaya ta hasken da ake kira UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da idonmu baya gani, duk wanda ya ce maka ƙwan ɗakinka ya isa kuɗinka kawai yake so.

Ta zafin, wadda na ga ta fi dacewa ita ce ƙwan halojin mai faɗin baki wanda ke watsa haske ƙasa. Ƙwayayen LED da muke sawa yanzu saboda sola basu da amfani a nan ko kaɗan, an yi su ne dama don kar su yi zafi. Kuma ba a tsakiyar akwati ake ratayawa ba, gefe ɗaya ake kaiwa, a sa faffaɗan dutse ko kututture a ƙarƙashi, saman dutsen ya kai digiri 38 zuwa 42, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 28 don ya samu wurin gudu. Wannan ne yasa ƙaramin akwati baya yi, babba yana son mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 da tsayin 60, in ya gaza haka sosai zafin zai game ko'ina babu gefen sanyi.

Kullum tambayar samari ita ce Malam wat nawa zan saya. Babu amsa ɗaya, domin ya danganta da nisan ƙwan daga dutsen da irin ɗakin da kuma lokacin shekara, ɗakin ƙasa mai rufin azara daban yake da ɗakin bulo mai kwano ba silin. Ma'aunin zafi ne zai faɗa maka, irin mai lamba da ƴar waya da ake ɗorawa kan dutsen, ko irin bindigar nan da aka riƙa auna mana goshi lokacin korona in dai tana da saitin auna kaya. Taɓawa da hannu ba awo bane. Da hunturu, Disamba da Janairu, za ka iya buƙatar wat 75 ko 100, amma ƙwan nan ɗin in ka bar shi a kunne a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 40 kwano na ƙara nasa, wallahi gasa shi za ka yi da ransa. Shawarwarin da yaran ke karantawa a waya yawanci mutanen Ingila da Amurka suka rubuta su, su sanyi suka fi yaƙa, mu kuma da bazara babbar matsalarmu yadda za a samar masa gefen sanyi ne, sai an sauko da akwatin ƙasa, an kai ɗakin da ya fi sanyi, an rage ƙwan zuwa ƙarami ko a kashe da tsakar rana. Akwai na'urar daidaita zafi mai rage ƙarfin ƙwan da kanta in awon ya wuce, mai hali ya saya, ta fi masa wata kwalliyar itacen roba da ake cusawa a akwatin. In ka ga ya buɗe baki a kan dutsen ba komai, zafi yake fitarwa, amma in ya maƙale a gefen sanyi baki buɗe yana ƙoƙarin hawa gilashi toh zafi ya yi yawa, a kashe.

Abu biyu na wayarin da zan ƙara tunda fannina ne. Holdar roba tana narkewa da irin wannan ƙwan, a nemi ta tangaran, kuma a sa raga tsakanin ƙadangaren da ƙwan don yana hawa. Sannan ƙwan da ɗan uwa ya aiko daga Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuma 230 ce, kana sawa zai yi fau ya mutu, a duba kwalin kafin a biya kuɗin jirgi.

Sai UVB, kuma nan ne aka fi cutar dabbar ba a sani ba saboda illar bata fitowa da wuri. Da wannan hasken fatarsa ke haɗa bitamin D3, da shi kuma jiki ke ɗaukar kalshiyam daga abinci. In babu, jikin sai ya koma cirar kalshiyam daga ƙashi, bayan watanni ka ga muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu na rawa, baya ya karkace, har ya kasa ɗaga cikinsa daga ƙasa, kuma abinda ya lanƙwashe baya miƙewa ko an gyara daga baya. Wadda ake so doguwar fitila ce irin fulorosan, samfurin T5 mai UVB kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, tsawonta ya kai rabin akwatin ko ya ɗan fi, a sa ta gefe ɗaya da ta zafin da tazarar kamar santimita 30 zuwa 40 daga bayansa. Gilashi yana tare UVB, don haka ajiye akwati jikin taga ko ɗora fitilar kan murfin gilashi aikin banza ne. Kuma ƙarfinta na raguwa tun tana haske garau, ido baya ganewa, shi yasa ake canza ta duk shekara, a rubuta ranar da aka sa da maka a jikinta. Dan Allah kar a ruɗe ku da ƴar fitila mai ruwan shuɗi ta duba jabun kuɗi, ba ita bace. Ta kashe ƙwayoyin cuta kuma, mai UVC, wannan ƙona ido da fata take yi, na dabbar da na yaran gidan.

Inda Allah ya rufa mana asiri shine rana muna da ita ta gaske, kuma babu fitilar da ta kai ta. Da hantsi kafin ta yi zafi a fito da shi a kejin raga, rabi a rana rabi a inuwa, mutum na zaune kusa saboda shaho da kyanwa. Kejin raga na ce, domin akwatin gilashi a rana cikin ɗan lokaci yake zama tanda. Wannan yana taimakawa ƙwarai musamman ranar da babu wuta, sai dai da damina da ranakun da hazo ya rufe gari ba za a dogara da shi kaɗai ba.

Da dare duhu yake so. Nan ne mu masu kaji ke ɓatar da mutane, mun saba da jan ƙwai mai wat 250 a kan ƴan tsaki dare da rana, sai a ɗauka haka ake yi wa kowace dabba. Ƙadangaren yana ganin jan haske sarai, har wani ɗan ido gare shi a tsakar kai mai jin haske da inuwa, in an bar masa fitila kwana baya samun barci. Awa 12 a kunne, 12 a kashe. Yawancin shekara ɗakunanmu basa buƙatar komai da dare, sai a tsakiyar hunturu in awon cikin akwatin ya sauka ƙasa da 18, nan a sa ƙwan tangaran mai zafi ba haske. Kaskon gawayi kuma kar a kusanto da shi ɗaki a rufe, iskarsa mutum ma kashewa take. In wuta ta ɗauke a daren sanyi, gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a jingine jikin akwatin a lulluɓa bargo ta fi. Dutsen nan mai waya da ake jonawa ya yi zafi shima a bar shi a shago, yana ƙona musu ciki basu tashi ba. Akwai kuma wani babban ƙwai mai haɗa zafi da UVB wuri ɗaya, a ido kamar ya fi sauƙi, amma ba a rage masa ƙarfi, kuma in wuta ta ɗan gifta sai ya huce kafin ya sake kamawa, da irin wutarmu ta kawo a ɗauke ni bana ba kowa shawarar sa.

Yanzu ga lissafin da nake so kowane yaro ya yi kafin ya tura kuɗi. Ƙwan wat 75 na awa 12 ya ci wat-awa 900, wato wat sau awa, fitilar UVB mai wat 24 ta ci kusan 290, kaga yunit ɗaya na mita da ɗan ɗoriya kenan kullum, tunda yunit wat-awa 1000 ne. Batir mai bolt 12 amfiya 100 a takarda wat-awa 1200 yake ɗauka, kuma in irin na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka ja in kana so ya daɗe. Da rana fanel zai ɗauki nauyin in yana da girma, amma ka ƙara ƙwan tangaran mai wat 100 na daren hunturu, awa 10 ya ci 1000, ƴar solar cajin waya da fanka ba za ta kai asuba ba. Na sha ganin inda kuɗin wutar ya ninka kuɗin ƙadangaren, sai mai shi ya fara kashe fitila don a kalli ƙwallo.

Roƙona ga masu sayarwa a Kano, ku riƙa faɗa wa yaran nan gaskiya tun kafin ciniki, in babu fitilar UVB ta canji a ƙasa ku faɗa. Iyaye kuma ku sa ido a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, irin waɗannan dabbobin na ɗauke da salmonela mai sa gudawa, kar a bar ƙananan yara su riƙa kai shi baki. Kai kuma Yallabai Edita in da hali a gayyato mana likitan dabbobi a shafin noma da kiwo ya yi bayanin abinci da magani, ni iyakata waya da ƙwan fitila.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka jarida.

Naku,
Wani mai haɗa sola,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa