Zarton Zayyana: Aikin da Na Samu Bayan Na Ajiye Alli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana da suka yi ritaya, da kuma iyayen yara, kan wani aikin hannu da na tsunduma ciki, wanda ban taɓa ganin an yi batunsa a jaridunmu ba.

Shekara 35 na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare. Da na ajiye aiki a 2019, sai yini ya yi mini tsawo. Daga masallaci sai majalisa, daga majalisa sai gida, ga hawan jini ya fara leƙo ni. Jikata ce ta fitar da ni, tana 'yar shekara huɗu a lokacin. An sayo mata haruffan roba na koyon karatu, muka zauna a tabarma zan haɗa mata "ƙofa", sai na ga babu ƙ. Na nemi ɗ in rubuta "ɗaki", babu. Ɓ ma babu. Haruffan Turanci ne guda 26, har da q da v da x waɗanda ba mu da aikin yi da su. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai: yarinya Bahaushiya, a gidan Hausawa, amma ba za ta iya haɗa sunan ɗakin da take kwana ba.

Na je wurin kafintan unguwarmu ya yanka mini su da katako. Ya duba zanen ya ce, "Baba, zartona ba zai juya wannan lanƙwasar ba, sai siririn zarto irin na masu zayyana." Shi ya kwatanta mini inda zan samu. Na hannu na fara saya: ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar baka, da ruwan zarto siriri kamar tsinken tsintsiya. Da shi na yanka ƙ ta farko, a kan benci a zaure, cikin kusan awa biyu. Ga duk mai sha'awa, shawarata ita ce ya fara da wannan. Kuɗinsa kaɗan ne, ba ya son wuta, kuma cikin wata guda mutum zai gane ko yana da haƙurin aikin.

Sai bayan shekara na sayi injinsa, wanda wani ya taɓa amfani da shi. Turawa na ce masa sikirol-so, ni kuwa zarton zayyana nake kiransa. Wanda ya san keken ɗinki ya riga ya gane shi: ɗan tebur ne, da hannu biyu riƙe da ruwan zarto mai tsawon inci 5, yana hawa yana sauka daga wajen sau 400 zuwa 1,600 a minti. Ruwan yana wuri ɗaya, kai ne kake juya katakon bisa layin zane, yadda tela ke juya yadi. Ƙananan injinan ba sa cin wutar da ta kai wat 200, don haka ɗan solar gidana yana ɗauke da nawa. Sai dai a kula: wanda aka yi don Amurka na wutar bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, in aka jona shi kai tsaye ya ƙone. A duba rubutun jikinsa kafin a biya kuɗi.

Abin da ya fi ba ni wahala da farko shi ne karyewar ruwa. A makon farko na karya fiye da goma, har na ɗauka injin ne ba shi da kyau. Ashe ni ne nake tura katako da ƙarfi. Ruwan shi yake ci da kansa, naka kawai ka riƙa miƙa masa a hankali. Haƙoransa su kalli ƙasa, in ba haka ba katakon ya yi ta tsalle a tebur. A ɗaure shi tamau, har in ka taɓa shi da yatsa ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar gurmi. In ya yi sako-sako ba zai bi layi ba. Ruwan yana da lamba: lamba 2 don filawud mai kaurin milimita 3, lamba 5 ita ce ta yau da kullum, 7 zuwa 9 don katako mai kauri. Akwai mai ɗan ƙusa a kai da gindi, mai sauƙin sawa, akwai kuma marar ƙusa. Marar ƙusan ya fi, domin duk yankan da ke tsakiyar zane, kamar cikin harafin ɗ, sai ka huda ɗan rami, ka kwance ruwan, ka zura shi ta ciki, ka sake ɗaurewa. Mai ƙusa ba ya shiga ƙaramin rami.

Katako kuwa ban taɓa sayen falanki sukutum ba. Guntayen da kafintoci ke tarawa masu tuya su kwashe, su nake roƙa ko in saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Obece fari ne mai laushi, ya dace da mai koyo. Maɗaci ja ne, yana da kyau in ya sha sanfefa da mai, amma yana da tauri, in ruwan ya dakushe sai ya bar baƙin ƙuna a gefe. Filawud mai araha sau da yawa akwai rami a cikinsa, sai ka kusa gama aiki ya ɓare. Ƙura kuma ba abin wasa ba ce. Ta iroko tana jawo ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, ta allon garin katako da ake haɗawa da gam ita ma illa ce. Takunkumi da tabarau dole ne, kuma a yi aikin inda iska ke shiga.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da na shiga intanet neman zane, barewa da dusar ƙanƙara da bishiyar Kirsimeti na tarar, dubbai. Nasu ne, sun yi wa kansu, kuma sun kyauta. Mu fa? Na ɗauki wayata na zaga cikin birnin Zariya ina ɗaukar zanen bangon tsofaffin gidaje, da na ƙofar fadar Zazzau, da aikin wuyan babbar riga, da zayyanar allon sauka. Wallahi kamar don wannan zarto aka yi su. Dagin Arewa kaɗai ya ishi mutum makaranta, saboda layukansa suna shiga ƙarƙashin juna suna fitowa, kuma kowane gurbi sai an huda an zura. Sau biyar na yi shi kafin in sami wanda na yarda in rataya. Gidajen nan na ƙasa suna rushewa kowace damina, ana maye su da bulo, zanen yana tafiya tare da su. Wanda aka kwafa aka yanka a katako ya tsira.

Tsohon aikina ma ya biyo ni. Wasan nan na haɗa gutsattsarin hoto, wani mai zanen taswira ne a Landan, John Spilsbury, ya fara sayar da shi a shekarun 1760: ya manna taswira a katako ya yanka ƙasa-ƙasa don koyar da yara. Na yi irinsa da taswirar Najeriya, jihohi 36 da Abuja. Yaron da ya riƙe Neja a tafinsa, ya ɗauki Legas da 'yan yatsu biyu, ba sai an sa shi haddace wadda ta fi girma da wadda ta fi ƙanƙanta ba. Na yi baƙin cikin rashin sanin wannan ina aji. Kuma ina tuna akwatunan injinan koyon sana'a da aka kawo makarantarmu zamanin da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4, suka yi shekaru a sito ba a buɗe ba, don babu wuta, babu mai haɗa su.

Wasu abokai a majalisa sun ce, "Malam, da girmanka ka koma kafinta?" Na tuna musu cewa ya zo a Sahihu Muslim Annabi Zakariyya, Alaihis Salam, kafinta ne. Biyu daga cikinsu yanzu suna zuwa zaurena.

Roƙona biyu ne. Na farko ga 'yan kasuwarmu masu shigo da kayan aiki a Kano da Kaduna: ku riƙa kawo ruwan zarton nan marar ƙusa, dozin-dozin. Ba shi da nauyi, ambulan ɗaya ya ɗauki ɗari, amma ni sai na jira mai zuwa daga waje. Na biyu ga maƙera da masu walda. Kafin a sa wa injin nan lantarki, da ƙafa ake tuƙa shi. Kamfanin Barnes na garin Rockford a Amurka ya yi ta ƙera irinsa tun shekarun 1870. Ƙafar tsohon keken ɗinki da ke yashe a gidajenmu tana da feda da ƙafar juyi, abin da ya rage hannu biyu ne da maɗaurin ruwa. In aka samu wanda ya haɗa mana wannan, makarantar ƙauyen da ba ta taɓa ganin wuta ba ma za ta iya ajiye guda.

Ni dai na sami ƙafar keke ɗaya, tana nan jingine a zaure, kuma na zana yadda nake ganin za a haɗa. Duk maƙerin da ke son mu gwada, ya aiko ta hannun wannan jarida.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.